Nikolas Kiristofilos: Mai Gyaran Lif Da Ya Riga Farfesoshi

A wannan fitowar, filinmu na tarihin masana ya leƙa ƙasar Girka, inda muka zaƙulo wani mutum da na tabbata da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba, har da 'yan sashen lantarki kuwa. Sunansa Nikolas Kiristofilos, a littattafan Turawa kuma za ku ga an rubuta Nicholas Christofilos. Na zaɓo shi ne saboda irin karatunmu ya yi, irin sana'armu ya fara da ita, kuma ya ɗanɗani irin kallon da ake yi wa mai rigar aiki idan ya tsoma baki a zancen masu manyan digiri. Rayuwarsa akwai nasara a ciki, akwai faɗuwa, akwai kuma abin da za a yi masa tambaya a kai.

Haihuwa da karatu

An haife shi ranar 16 ga Disamba 1916 a birnin Boston na Amurka. Iyayensa Girkawa ne da suka je ci-rani. Yana ɗan shekara bakwai suka tattara suka koma gida, birnin Atina, babban birnin Girka, kuma a can ya girma. Ya shiga babbar makarantar fasaha ta ƙasar, wadda Girkawa ke kira Politekniyo, ya fito a 1938 da shaidar injiniyan lantarki da injuna. Gaskiya dai matsayin makarantar na jami'a ne, amma abin da ya karanta ai shi muke fama da shi a nan: taransifoma, janareta, lissafin waya, zanen inji. Bai karanta kimiyyar nukiliya a aji ba.

Da ya gama sai ya kama aiki a wani kamfani mai kafa lif da gyara shi, wato na'urar nan da ke hawa da sauka da mutane a dogayen benaye. A watan Afrilu na 1941 sojojin Jamus suka mamaye Girka. Aka mayar da kamfanin garejin gyaran manyan motocin soja, shi kuma ya ci gaba da aiki a wurin. Lokaci ne mai tsanani ƙwarai, domin a sanyin 1941 zuwa 1942 yunwa ta kashe dubban mutane a Atina. To a cikin wannan hali ne ya duƙufa karanta littattafan kimiyya na Jamusanci da suka shigo hannunsa, kan ƙwayar zarra da kuma injunan da ake tunkuɗa ƙananan ƙwayoyi da su. Babu malami, babu wanda zai duba masa lissafi. Bayan yaƙi ya buɗe nasa kamfanin lif, da rana yana aiki, da dare yana zane-zane.

Wasiƙar da aka jefa a durowa

Bari mu ɗan tsaya mu fahimci matsalar da ya tunkara. Masu binciken ƙwayar zarra suna gina wani zagayayyen bututu da aka zuƙe iskar cikinsa, su saki ƙwayoyin furoton a ciki, suna zagayawa ana ƙara musu gudu, maganaɗisu kuma yana lanƙwasa musu hanya. Damuwar ita ce ƙwayoyin ba sa bin layi ɗaya, wannan ya karkata hagu, wancan ya yi sama. Sai an yi bututun da faɗi don kada su bugi bango, shi kuma faffaɗan bututu sai ƙaton maganaɗisu. Injin da Tarayyar Sobiyet ta kammala a Dubna a 1957 da wannan tsohon tsari, maganaɗisunsa ya kai tan 36,000. Kun ga ke nan kuɗin ƙarfe kawai ya isa ya tsayar da aikin.

An san cewa ana iya ƙera maganaɗisu mai matse ƙwayoyin sosai ta gefe, amma duk wanda ya matse ta gefe sai ya watsa su ta sama da ƙasa. Saboda haka aka ɗauka babu riba. Kiristofilos ya zauna ya yi lissafi a wajejen 1949, ya gano cewa idan aka jera su bi da bi, wannan ya matse gefe, na gaba ya matse sama da ƙasa, to a ƙarshe matsi ne ke rinjaya ta kowane ɓangare. Dalilin mai sauƙi ne. Ƙarfin irin wannan maganaɗisu yana ƙaruwa ne gwargwadon nisan ƙwaya daga tsakiyar bututu. Ƙwayar da ta fito daga mai watsawa tana isa ga mai matsewa ta yi nisa da tsakiya, sai ta sha turi mai ƙarfi zuwa ciki. Wadda ta fito daga mai matsewa kuwa tana isa ga mai watsawa tana kusa da tsakiya, sai turin da za ta sha zuwa waje ya zama kaɗan. Riba ta fi asara ke nan, bututu ya tsuke, maganaɗisu ya ƙanƙance.

Tun a 1948 ya aika wa babban ɗakin binciken nukiliya na Berkeley a Kalifoniya wani zane. Suka duba suka ga kurakurai, suka rubuto masa. Ya gyara tunaninsa ya sake aikawa da wannan sabuwar dabara a 1950, amma a wannan karon ba a tsaya an fahimce ta ba, aka ajiye takardar. Wa zai ɓata lokaci kan wasiƙar mai gyaran lif daga Atina, wanda ma ya taɓa yin kuskure? Allah ya taimake shi ya yi wani abu guda: a watan Maris na 1950 ya shigar da takardar neman mallakar ƙirƙirar a Amurka.

A 1952 wasu masana uku a ɗakin bincike na Brookhaven, Ernest Courant da Stanley Livingston da Hartland Snyder, suka gano wannan dabara da kansu, ba tare da sanin aikinsa ba, suka buga ta a mujallar Physical Review. Duniyar kimiyya ta ɗauka. A farkon 1953 Kiristofilos ya je Amurka, ya shiga wani ɗakin karatu a New York, ya buɗe mujallar, sai ga dabararsa da sunan wasu. Bai yi shiru ba, ya nufi hukumomi da takardunsa masu kwanan wata. Da aka duba aka ga lallai ya riga su da kimanin shekara biyu. A nan dole a yaba wa mutanen Brookhaven, domin a cikin shekarar suka buga sanarwa a wannan mujallar suna tabbatar da cewa shi ya fara. Hukumar makamashin nukiliya ta Amurka ta biya shi dala 10,000 kan haƙƙin amfani da ƙirƙirar, aka kuma ba shi aiki a Brookhaven.

Injin da cibiyar CERN ta kunna a 1959 da wanda Brookhaven ta kunna a 1960 duk da wannan tsari aka gina su. Na Brookhaven ya ninka na Dubna ƙarfi sau uku, alhali maganaɗisunsa bai wuce kimanin tan 4,000 ba. Har yau babban injin CERN mai zagayen kilomita 27 da wannan dabarar yake riƙe ƙwayoyinsa.

Mafarkin Astron

Da wani ne da sai ya zauna yana cin albarkacin wannan suna. Shi kuwa ba ma ita ce ta kawo shi Amurka ba. A jakarsa akwai wani zane da ya fi so, injin da ya raɗa wa suna Astron, wato tauraro da Girkanci.

Rana da taurari suna samun zafinsu ne daga haɗewar cibiyoyin ƙwayoyin haidirojin. Idan ɗan Adam ya iya yin haka a cikin inji, ya samu wutar lantarki daga makamashin da ke cikin ruwan teku. Sharaɗin shi ne a ɗumama iskar gas ta haura digiri miliyan 100. A irin wannan zafi ilektaron suna rabuwa da cibiyoyinsu, gas ɗin ya koma abin da ake kira filasma, wato cakuɗaɗɗen taron ƙwayoyi masu cajin lantarki, irin abin da ke cikin walƙiya da tartsatsin mai walda. Babu tukunyar da za ta riƙe wannan, sai maganaɗisu, domin ƙwaya mai caji tana nannaɗe layin filin maganaɗisu ne tana binsa. Matsalar ita ce a miƙaƙƙen bututu layukan suna fita ta bakin nan biyu, filasma kuma ta bi su ta zube.

Dabarar Kiristofilos ita ce a harba ilektaron masu gudun kusa da na haske cikin bututun, su riƙa zagayawa su zama kamar wani gwangwani na ilektaron a tsakiya. Ilektaron masu zagayawa ai wutar lantarki ce mai gudana, kamar koyil ɗin da babu waya, saboda haka suna haifar da nasu filin maganaɗisu, wanda a cikin gwangwanin yake adawa da na waje. Idan suka yi yawa har nasu ya rinjayi na waje, sai filin da ke tsakiya ya juya baya, layukan su rufe kansu kamar zobe, filasma ta rasa ƙofar fita. Kuma waɗannan ilektaron ɗin su ne za su ɗumama ta. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Me ya sa sai masu gudun kusa da haske? Ilektaron duka cajinsu iri ɗaya ne, suna ture juna. Amma kun tuna darasin aji ɗaya: wayoyi biyu da wuta ke bi ta fuska ɗaya suna jan juna. Yayin da gudun ilektaron ke kusantar na haske, jan maganaɗisu yana kusan cinye turin lantarki. Ga ilektaron da aka tunkuɗa da bolt miliyan 3.7, gudunsa ya haura kashi 99 cikin 100 na gudun haske, kuma abin da ya saura na turin bai wuce kashi ɗaya cikin 68 ba. Idan kwararar ta ratsa filasma, ƙwayoyi masu kishiyar caji suka share ɗan ragowar nan, sai ta matse kanta da kanta. Willard Bennett ya yi wannan lissafi tun 1934, Gersh Budker na Tarayyar Sobiyet kuma ya gabatar da nasa tsarin a 1956.

Ya bayyana Astron ga masu shirin binciken a 1953. Shirin na sirri ne a lokacin, shi kuma ba shi da izinin ganin bayanan sirri, don haka ya yi ta jira. Sai a 1956 ya koma ɗakin bincike na Livermore a Kalifoniya, wurin da babban aikinsa ƙera makaman nukiliya ne. A 1958 aka cire sirrin, aka nuna tsarin Astron a taron ƙasa da ƙasa na Janiba.

Bama-bamai a sararin samaniya

A watan Oktoba na 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, hankalin Amurka ya tashi, domin rokar da ta kai tauraro sama za ta iya kai bam birninsu. Kiristofilos ya zo da wata shawara da ta fito kai tsaye daga Astron. Duniya kanta ƙaton maganaɗisu ce, layukanta suna matsewa a wajen doron arewa da na kudu. Idan aka tayar da bam ɗin nukiliya can sama, ɓaraguzansa za su saki ɗimbin ilektaron masu tsananin gudu, filin duniya ya kama su, su yi ta kai da kawowa tsakanin arewa da kudu suna bazuwa har su kewaye duniya. Fatansa shi ne wannan mayafi ya lalata na'urorin makamai masu linzami na abokan gaba.

Gwamnati ta yarda a gwada, cikin gaggawa da sirri, aka sa wa aikin suna Argus. Ayarin jiragen ruwa tara da mutum kusan 4,500 suka nufi kudancin tekun Atlantika, kudu maso yamma da Cape Town. Ranakun 27 da 30 ga Agusta da 6 ga Satumba 1958 aka harba ƙananan bama-bamai uku, kowanne bai kai kilotan biyu ba, suka fashe a ɗaruruwan kilomita sama. Tauraron Explorer 4 ya auna, aka ga mayafin ilektaron ya samu kamar yadda ya lissafa, har ya yi makonni kafin ya baje. Ta fuskar kimiyya hasashensa ya tabbata. Ta fuskar kariya kuwa mayafin ya yi rauni, ba zai tare komai ba. Jaridar New York Times ce ta fasa ƙwan a watan Maris na 1959, masana a ƙasashe da dama suka nuna ɓacin rai, domin sararin na kowa ne kuma ba a shawarci kowa ba. Da Amurka ta sake gwaji da bam mai ƙarfin megatan 1.4 a watan Yuli na 1962, ilektaron ɗin da ya saki sun lalata taurarin ɗan Adam da dama, har da Telstar na sadarwa. A 1963 aka sa hannu kan yarjejeniyar hana gwajin nukiliya a iska da sararin samaniya da ƙarƙashin ruwa.

A 1958 ɗin dai ya kawo wata dabarar ta aika saƙo ga jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku da igiyar rediyo mai tsananin tsawo, wadda ke ratsa ruwan gishiri. Tsarin farko ya nemi a binne waya a kusan kashi biyu cikin biyar na jihar Wisconsin, mutanen yankin suka ƙi. An gina ƙaramin tsari daga baya, mai aiki da bugu 76 a daƙiƙa, wato tsawon igiya ɗaya kusan kilomita 4,000, ya yi aiki daga 1989 zuwa 2004. Abokan aikinsa sun riƙa kiransa mahaukacin ɗan Girka, wasu cikin raha, wasu da gaske.

Taransifomar da ta zama bindigar ilektaron

Mu koma kan Astron. Yana buƙatar ilektaron masu yawan da babu injin da ke iya bayarwa a lokacin. Sai ya ƙirƙiro nasa, kuma a nan ne jinin injiniyan lantarki ya nuna. Ya jera zobban ƙarfen maganaɗisu a layi, kowanne da nasa koyil na farko da ake saka wa bugun wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci. Koyil na biyu fa? Kwararar ilektaron ɗin da ke wucewa ta tsakiyar zobban ita ce koyil na biyu. Kowane zobe ya ƙara mata bolt, ta wuce na gaba. Taransifoma ce zalla, wadda duk ɗalibin ND zai gane zanenta.

Injin ya fara aiki a 1963, yana ba da bolt miliyan 3.7 da amfiya 350, a bugun da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan uku na daƙiƙa ba. Ku ninka ku gani: kusan megawat 1,300, daidai da ƙarfin da aka gina tashar Egbin ta Legas a kai. Amma saboda gajartar lokacin, kuzarin bugu ɗaya bai kai abin da ƙwan fitila mai wat 100 ke ci a daƙiƙa huɗu ba. Daga baya aka ɗaga shi zuwa bolt miliyan 6. A shekarar 1963 ɗin ne kuma cibiyar Franklin ta ba shi lambar yabo ta Elliott Cresson.

Kwarara ba ta natsuwa

Daga nan ne wahala ta fara. A takarda kwararar ilektaron tana tafiya sumul. A cikin filasma kuwa ƙaramin karkata kan ciyar da kansa ya girma, har ya wargaza komai. Wannan shi masana ke kira rashin natsuwa, kuma iri-iri ne.

Na farko tsoho ne. Tun a shekarun 1920 Irving Langmuir, wanda ya raɗa wa filasma suna, ya lura cewa ilektaron da aka harba cikinta suna watsewa da saurin da karo da juna kaɗai ba zai bayyana ba. A 1949 David Bohm da Eugene Gross a Amurka, da Akhiezer da Fainberg a birnin Kharkov, suka bayyana dalili. Ilektaron ɗin filasma suna da nasu kaɗawa, kamar ruwa a kwano. Kwararar da ta ɗan fi igiyar kaɗawar gudu sai ta fara curewa wuri-wuri, kamar motoci a titi idan na gaba ya ɗan taka birki. Kowane curi yana tura igiyar, igiyar ta ƙara ƙarfi, ta ƙara cure su. Kafin ka ce kwabo kuzarin kwararar ya koma cikin igiyar. Ga ilektaron masu gudun kusa da haske akwai ɗan sauƙi ta gaba, domin da wuya a ƙara musu gudu ko a rage. Amma ture su gefe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa matsalarsu ta fi fitowa ta gefe.

Na biyu rarrabewa ce. Idan babbar kwarara ta shiga filasma, filasmar kan mayar da martani da tata wutar mai komawa baya, dokar Lenz ke nan da muka haddace. To yanzu ga wuta biyu a cakuɗe, ɗaya gaba ɗaya baya. Masu tafiya fuska ɗaya suna jan juna, masu saɓani suna ture juna. Sai kwararar ta tsage ta koma sili-sili, kamar igiyar da ta warware. Erich Weibel da Burton Fried sun yi lissafin irin wannan a 1959.

Na uku shi ne wanda aka fi gani da injin Kiristofilos idan aka harba kwararar cikin iskar gas, ana kiransa rawar mesa. Duk wanda ya ga mesar 'yan kwana-kwana ta kuɓuce tana watsal-watsal ya ga hotonsa. Kwarara tana tafe da filin maganaɗisunta kewaye da ita. Idan ta ɗan goce gefe, filin ba ya binta nan take, domin filasma tana ɗaukar wuta, tana riƙe shi na ɗan lokaci. Filin da ya saura a tsohon wuri sai ya jawo kwararar baya. Da a kan lokaci yake jan da an zauna lafiya, amma a makare yake, don haka sai ta wuce tsakiya ta faɗa ɗaya gefen. Kowane yanki na kwararar yana gadon lilon wanda ke gabansa ya ƙara nasa, har wutsiyar ta tarwatse. Wannan ta addabi wani shirin soja mai suna Seesaw, wanda ke son harbo makamai masu linzami da kwararar ilektaron, kuma Kiristofilos na cikin masu tura shi. An rufe shirin a 1972 ba tare da makami ba.

Shi kansa gwangwanin ilektaron na cikin Astron yana da tasa cutar. Yakan goce daga tsakiya ya riƙa layi kamar katantanwar da ta kusa faɗuwa, har ya goga bango. An samu sauƙin wannan da aka ƙara wani filin maganaɗisu, amma babbar matsalar ta ƙi tafiya. Bugu ɗaya ba ya isa, tsarin ya dogara ne kan a tara bugu bisa bugu har su yi yawa. Da aka gwada sai tarin ya tsaya cik, abin da sabon bugu ya kawo kusan shi ke zubewa. Ana neman filin ilektaron ya haura na waje gaba ɗaya, amma bayan shekaru ana fama bai kai ko kashi ɗaya cikin biyar ba. Ga kuma wani cikas da lissafi ya nuna: ilektaron mai gudu idan ana lanƙwasa shi yana zubar da kuzari ta hanyar haske, kuma a babban injin samar da wuta asarar za ta yi yawa. Shi da kansa ya koma ba da shawarar a yi amfani da furoton.

Ƙarshen tafiya

Lokaci kuma ba ya jira. A 1968 Rashawa suka sanar da sakamakon injinsu mai suna tokamak, a 1969 wata tawagar Ingila ta je ta auna ta tabbatar. Kuɗin bincike ya fara karkata can. Kwamitoci suka riƙa zuwa Livermore suna gindaya wa Astron wa'adi, wa'adi na wucewa ba a cika ba. Shi kuma mutum ne mai ƙarfin murya da kafiya, komai na aikin sai ya bi ta hannunsa, kullum yana ganin gyara ɗaya ya rage a ci nasara. Yana aiki dare da rana, yana zirga-zirga tsakanin Kalifoniya da Washington wajen tarukan tsaro da neman kuɗi.

A farkon shekarun 1970 wata tawaga a jami'ar Cornell ƙarƙashin Hans Fleischmann ta juya filin maganaɗisu da zoben ilektaron, da ƙaramin inji mai arha, ta hanyar harba bugu guda ɗaya mai dubban amfiya. Wannan ya nuna asalin tunanin Kiristofilos daidai ne, hanyar tarawa da ya kafe a kai ce ba ta ɓulle ba. Ranar 24 ga Satumba 1972 bugun zuciya ya yi ajalinsa a garin Hayward na Kalifoniya, yana da shekara 55. A 1973 aka rufe Astron.

Injin da ya ƙera don ciyar da Astron ya fi Astron ɗin tsawon rai. A shekarun 1980 Livermore ta gina jikansa mai bolt miliyan 50 da amfiya 10,000, kuma har yau ana amfani da irinsa a Los Alamos wajen ɗaukar hoton abin da ke fashewa. Tsarin rufe filasma da juyayyen fili yana nan ana bincikensa. Su ma matsalolin da suka kayar da shi ba su tsufa ba: masu ƙoƙarin kunna haɗewar nukiliya da hasken leza suna fama da rarrabewar kwarara, masu nazarin taurari kuma suna amfani da wannan lissafin wajen bayyana yadda filin maganaɗisu ke tsirowa a manyan fashe-fashen sararin samaniya.

Abin da ya shafe mu

'Yan uwa, mun sha kuka kan bambancin da ake nuna wa mai HND a wurin ɗaukar aiki, kuma kukan yana kan hanya. Amma ku lura da abin da ya ceci wannan mutum ranar da ya ga dabararsa da sunan wasu. Takarda ce mai kwanan wata. Mu nawa ne muke gama furojet, mu miƙa wa sashe, mu manta? Akwai ofishin rajistar ƙirƙira a Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci. Ko ba a kai can ba, a riƙa rubuta aiki a littafi da kwanan wata, malami ya sa hannu. Ku lura kuma cewa da Berkeley suka nuna masa kuskure a 1948 bai yi fushi ya bari ba, gyarawa ya yi, gyaran ne ya haifi babbar dabararsa. Shekara ashirin bayan haka, da ya zama babba, jin gyara ya yi masa wuya, kuma Astron ya biya kuɗin hakan.

Akwai kuma tambayar da ba zan amsa muku ba. Mafi yawan basirarsa a Amurka ta tafi ne ga aikin yaƙi, shi kuma yana ganin kare ƙasa yake yi, a matsayinsa na wanda ya ga mamaya da idonsa. Wasu na ganin tayar da bam a saman duniyar kowa ganganci ne. Wata rana a cikinmu wani zai samu tayin aiki mai tsoka da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, gara ya fara tunanin amsarsa tun yana aji. Masu ra'ayi a kan wannan su aiko wa editan mujalla, za mu buga a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.